Yadda muka gyara zauren taronmu don kowa ya shiga da kansa

Ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai tana zama ne a wani zauren taro mai matakala uku a ƙofa. Duk ranar zama sai samari biyu sun ciccibi wata 'yar'uwarmu da kekenta na masu nakasa sun haura da ita. Da zuciya ɗaya suke yi, amma wata rana ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa ta gaji. "Ina so in shigo lokacin da na ga dama, in fita lokacin da na ga dama, ba sai na jira mai ɗauka ba." Daga nan aka ɗora mini alhakin bin maganar gyaran, ni da ita da wani malami makaho da ke cikinmu.

Masu kula da ginin ba su ƙi ba, sai dai kullum amsar ɗaya ce: za a duba. Abin da ya motsa su shi ne ranar da muka bar roƙo muka kai musu takarda mai lissafi. Ƙa'idar da aka fi bi wajen gina gangaren hawan keke ita ce, kowane santimita 1 na tudu yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Matakalan nan uku, kowacce santimita 15 ce, jimla 45, wato gangaren zai kai mita 5 da santimita 40. Muka zana inda zai bi ta gefen bango, muka rubuta ƙarfen riƙewa dama da hagu, da fili shimfiɗaɗɗe a sama inda keke zai tsaya kafin a buɗe ƙofa. Na kuma ambaci yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wadda sashenta na 9 ya yi magana a kan shiga gine-gine da samun bayanai. Na sa ta ne don su san haƙƙi muke nema, kuma duniya ta riga ta amince da shi.

Da magini ya zo sai ya ce mita biyu ta wadatar, ga sauƙin siminti, ga kyan gani. Ban tsaya musu da shi ba. 'Yar'uwar nan ce ta ce a jingina katako mai tsawon haka a kan matakalar. Ta tura kekenta, ƙananan tayoyin gaba suka ɗaga sama, keken ya nemi kifewa ta baya, sai da magini da kansa ya kai hannu ya tare. Ta dube shi ta ce, "Malam, ka gani? Idan ba kowa a bayana fa?" Bai ƙara cewa uffan ba, ya ɗauko tef ya sake awo. Ita ce kuma ta hana a sa tayil mai sheƙi, domin da ruwa ya taɓa shi ya zama tarko.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da na ga an gama gangaren, a raina aiki ya ƙare, ita kuwa cewa ta yi mu bi hanyar tun daga bakin titi har banɗaki. Nan muka tarar da dokin ƙofa mai tudu da ke tare taya. Ƙofar banɗakin ba ta kai faɗin santimita 90 da muke nema ba, kuma ciki take buɗewa, ta yadda idan keke ya shiga ba ta rufuwa. Keke yana buƙatar fili kamar mita ɗaya da rabi kafin ya juya. Mutane ba sa son zancen banɗaki, amma ta gaya mana cewa saboda shi take ƙin shan ruwa duk ranar da za ta zo taro. Wannan maganar ta daɗe tana ci na.

Malamin namu makaho matsalarsa daban ce. Takardun zama hotonsu ake ɗauka a tura a waya, manhajar da ke karanta masa allo kuwa rubutu ta fi ganewa, hoton takarda yakan gagare ta. Gyaran bai ci ko sisi ba: a tura rubutun kansa, kuma a tura kafin ranar zama. Ya kuma roƙi duk mai magana ya fara da faɗin sunansa, a daina cewa "kamar yadda kuke gani a nan" ba tare da an bayyana abin da ke wurin ba. Da kurame biyu suka fara zuwa, muka nemo tafintan maganar hannu, muka tsayar da shi inda haske ke faɗa wa fuskarsa, domin motsin fuska yana cikin maganar. Kafin a ɗauko tafinta a tambayi kuraman wace maganar hannu suke yi, don maganar hannu ba iri ɗaya ba ce a ko'ina.

Wani ya kawo shawarar a ɗora shugabannin ginin a keke na minti goma don su ji yadda abin yake. Na ƙi, kuma har yau ina kan bakana. Wanda ya hau keke na ɗan lokaci tausayi kawai yake sauka da shi, alhali mai keken ta ƙware a abinta, ginin ne ya gaza. Gara shugaba ya bi bayanta da ƙafarsa, ya ga inda ta tsaya cak, ya ji daga bakinta abin da za a gyara.

An taɓa tambayata ko duk wannan ɗawainiya saboda mutum nawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan ɗaya cikin shida, suna rayuwa da wata babbar nakasa. Ba a ganin su a zaure ne saboda matakala ta mayar da su gida. Da gangaren ya samu, tsofaffi masu sanda da mata masu juna biyu duk ta nan suke bi.

Yanzu 'yar'uwar nan tana cikin kwamitin da ke tsara zamanmu, kuma ba a kama wurin taro sai ta je ta gani. Abin da muke fama da shi a halin yanzu shi ne kuɗin tafinta. Har yau karo-karo ake yi duk ranar zama, mu kuma so muke a sa shi cikin kasafin shekara, a jere da kuɗin haya da na wuta. Mun rubuta takardar, za mu gabatar da ita a zama mai zuwa.