Sana'ar Sanya wa Dabbobi Alama, daga Rago zuwa Gyazbi

Ƙaramin kamfanina yana Aboabo a Kumasi, kuma aikinmu shi ne sanya wa dabbobi alamar shaida. Yawancin cinikinmu na 'yan kunnen roba ne masu lamba, waɗanda fataken tumaki da shanu ke nema gabanin Babbar Sallah, lokacin da dabbobin mutane da yawa ke cakuɗuwa a turke ɗaya.

Inda sana'ar ke neman tunani shi ne wajen masu kiwon gyazbi, wato akrante. Dabarar da muke bi mun aro ta ne daga gidajen namun daji na Turai da Amurka masu ajiye bifa, dabbar ruwan nan mai faffaɗar wutsiya da ke sare itatuwa da haƙori tana datse rafi. Bifa tana da wuyar tantancewa, domin ko namiji da mace ba a rarrabe su da ido, sai an duba launin ruwan da ke fita daga wasu ƙullutai da ke ƙarƙashin wutsiya. Kunnenta ƙarami ne, 'yan kunne kan yage wajen faɗa ko shiga rami, rinin gashi kuma yana tafiya idan sabon gashi ya fito. Wasu masu bincike kan huda wutsiya su maƙala alama, abin da ni ban yarda da shi ga dabbar da ke tsare ba. Saboda haka aka fi dogara da wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa, tsawonta kimanin milimita 12, wadda ake tura wa ƙarƙashin fata da allura. Ba ta da batir, sai an kusanto da na'urar karantawa take bayyana lambarta mai alƙaluma 15.

Gyazbi ma ƙaramin kunne gare shi, ga faɗa tsakanin maza, wutsiyarsa kuwa tana saurin guntulewa idan an riƙe ta da ƙarfi. Don haka nake shawartar makiyayi ya sanya na'urar ga iyayen garke kaɗai, domin kuɗinta ya yi yawa ga dabbar da za a yanka ba da jimawa ba. Sharaɗina shi ne ya buɗe littafi ya rubuta lambar kowace dabba da ta iyayenta, gudun kada a haɗa uba da 'yarsa a keji ɗaya. Wanda bai shirya riƙe littafin ba, gara ya bar kuɗinsa ya sayi abincin dabbobi.