"Ai kishi ne": yadda samari da 'yan matan Bauchi ke auna cin zarafi a soyayya

A tara 'yan mata 'yan shekara 15 zuwa 19, ko a Islamiyya ko a sakandare, a tambaye su wa saurayi ya taɓa cin zarafinta. Da wuya a ji mai amsawa. A sake tambayar: wa saurayinta ya san lambar buɗe wayarta? Wa aka hana zuwa bikin ƙawa? Wa aka taɓa murɗe wa hannu a zaure? Nan za a ga sun fara kallon juna. Ba ƙarya suka yi da farko ba. A kunnensu cin zarafi shi ne jini, ko kumburarriyar fuska, ko fyaɗen da baƙo ya yi. Duk abin da bai kai nan ba sunansa kishi.

Budurwa tana auna abin ne da niyyar saurayi da nadamarsa. "Ransa ne ya ɓaci." "Ai ya ba ni haƙuri, har da kuka." In ya kira sau goma a jere don ya ji da wa take waya, ƙawaye za su ce ta yi dace, yana ji da ita. So hana ganin laifi, gaskiya ne, amma akwai abin da ya fi so ƙarfi wajen rufe mata baki: ta san tambayar farko da za a yi mata a gida ita ce "me ya kai ki?" In kuwa an riga an yi baiko, balle an sa rana, sai ta ɗauka bakin alƙalami ya bushe, fasawa jawo wa iyaye abin kunya ne.

Lissafin saurayi daban yake, kuma a nan ya kamata a fi tsayawa. Mafi yawan samari za su ce dukan mace ba mazantaka ba ne, kuma har zuciyarsu suke faɗa. Sai dai mari ɗaya ba ya cikin abin da suke kira duka, gyara ne. Abin da ke ba shi wannan ƙarfin gwiwa kuwa kuɗi ne. Kati, data, kuɗin zance, kayan shan ruwa da azumi, ɗinkin sallah, wataƙila har wayar da ke hannunta. Yaron da ke ɗinki ko gyaran waya a Wunti, ko yake tuƙa Keke daga Yelwa zuwa Muda Lawal, da guminsa ya sayi waɗannan, kuma yana riƙe da lissafinsu a kai. Ranar da ya ga wani a ƙofar gidansu, abin da zai ce shi ne "ta ci kuɗina". Majalisa kuma ta ƙara zuga shi: "Ta raina ka, kai ma ka tsaya?" Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa toshi kyauta ce, ba ta sayen ikon bincike, balle na taɓa jiki. Wannan aikin yayye maza ne da kawunnai da malamai, domin daga bakinsu zai ji.

Samari ma ana yi musu: zagi a gaban abokai, mari, tatsar kuɗi, ko barazanar za ta kashe kanta in ya bar ta. Ba sa kiransa cin zarafi, don majalisa dariya za ta yi. Barazanar kashe kai dai, ko daga wa ta fito, a sanar da babba a gidansu a ranar, kada a riƙe ta a matsayin sirrin masoya.

Na san za a ce tushen matsalar shi ne keɓewa da zancen dare. A koyar da wannan, ya dace. Amma kuskurenta na tsayawa a duhu bai halatta masa komai ba, kuma yarinyar da ta san za a ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka ba za ta taɓa faɗa ba.

Don haka mai tambaya ya zama wadda ba ta jin nauyinta sosai, gwaggo ko yaya ko matar wa, a keɓe, ba a tsakar gida ba. A tambayi aiki, kada a tambayi suna: Yana duba wayarki? Kina jin tsoron ƙin ɗaga kiransa? Ya taɓa riƙe ki kina son tafiya? Yana da hotonki da ba kya so a gani? Kuskuren da aka fi yi bayan ta amsa shi ne ƙwace waya, ko duka, ko gaggauta auren don a rufa asiri. Ƙwace waya yana yanke ta daga ƙawayen da za su taimake ta, shi kuwa ya saya mata wata a ɓoye, ikonsa ya ninku.

Maganar hoto tana da matakai. Kada a biya kuɗi, kada a tura wani hoton don lallashi, domin mai barazana ba ya ƙoshi. A ɗauki hoton saƙonnin barazanar yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, kafin a toshe shi. Hoton tsiraicin kansa kada a tura wa kowa, ko da sunan shaida. A WhatsApp a duba na'urorin da aka haɗa da asusun a cire wadda ba a sani ba, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sauya lambar sirrin Facebook da TikTok. Akwai wani shafin intanet mai suna Take It Down, kyauta ne, yana taimakawa a cire hoton wadda ba ta kai 18 ba daga manyan shafuka, kuma hoton ba ya barin wayarta. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta ajiye ko yaɗa irin wannan hoto na ƙaramar yarinya. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015, wadda Jihar Bauchi ta mayar tata a 2020, ta sa tsoratarwa da bibiya da cin mutunci da baki cikin laifuka, ba duka kaɗai ba. Samari da yawa ba su san haka ba.

Abubuwa uku ba sa jiran sulhu: shaƙe wuya, nuna wuƙa ko zuwa da 'yan dabar Sara-Suka, da furucin "in ban same ki ba, ba mai samun ki". Shaƙa ta fi haɗari, don sau da yawa ba ta barin tabo. In murya ta dushe, ko haɗiya na wuya, ko jajayen ɗigo sun fito a ido, a je asibiti a ranar, kumburin maƙogwaro yana iya tasowa bayan sa'o'i. Lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari, saboda haka kada ta sallame shi ita kaɗai a zaure. Manya su isar da saƙon, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda in akwai barazana. In yana da'awar kuɗi, a rubuta kayan, a daidaita gaban shaidu ko a kotu, a toshe wannan ƙofar. Na wasu makonni a riƙa raka ta makaranta, a sauya hanya.

In an kai ga fyaɗe, ko da saurayin da aka sa wa rana ne, asibiti ne farko. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin sa'o'i 72, ana sha kwana 28 ba fashi. Na hana ɗaukar ciki yana aiki har sa'o'i 120, amma gara da wuri. In da hali kada ta yi wanka, a sa tufafin a takarda, ba leda ba, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. In ta riga ta yi wanka, a tafi duk da haka. A je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), Asibitin Ƙwararru na Bauchi, ko babban asibiti mafi kusa a Azare, Misau ko Ningi. Abin da ke cinye sa'o'in nan shi ne zaman dangi: yau a jira kawu ya dawo, gobe a aika wa iyayen yaron, jibi a zauna. Kafin a tashi kwana ukun sun cika. A kai ta asibiti, a karɓi rahoton likita, zaman ya biyo baya.