Shafin da na sa wa hannu a bakin ƙofar ofis

Ni ma da hannuna a cutar da aka yi wa ƙannena. Na daɗe ina ba da labarin nan ina tsallake wannan wurin, yau dai da shi zan fara.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu, da gida, da wata gona da gari ya ci ya iso bakinta. Kotu ta naɗa mu mu uku mu kula da dukiyar har a raba: Yaya babba, da ni, da Baffa, ƙanin mahaifinmu. Baffa ba shi da komai a gadon, tunda ɗa namiji yana katange ɗan'uwan mamaci, kuma wannan ne ya sa kowa ya yi na'am da shi. Muka ce wanda ba shi da rabo ba zai yi son kai ba. Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Iyayenmu mata su raba ɗaya bisa takwas tsakaninsu, sauran a kasa gida goma, namiji kaso biyu mace ɗaya, yadda aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i suka tsara.

Dalilin naɗa mutum fiye da ɗaya shi ne kowa ya sa ido a kan ɗan'uwansa. Lauyar da muka ɗauka daga baya ta ce min ko a Ingila, tun dokar 1925, ba a mallaka wa kowa filin mamaci sai duk masu kula da gadon sun amince. Mu kuwa abin ya juye mana. Ni na ce ai Yaya yana gani. Yaya ya ce ai ni ne ɗan boko. Takardu kuma suna jakar Baffa.

Wata rana da la'asar ya kira ni in fito bakin ƙofar ofishinmu. Ko kashe mota bai yi ba. Ya miƙo min takarda ɗaya ta taga, layi uku a ƙasanta, biyu an riga an cike, nasa da na Yaya.

"Ɗana, sa hannu nan, na masu awon fili ne, sun kusa tashi."

Na ce, "Baffa, ina sauran shafukan?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Au, yau kuma ni ake tuhuma? Ni da na sa ubanka a kabari da hannuna?"

Kunya ta rufe ni. Abin da ya fi ci min rai har gobe shi ne biron da ya ba ni ya ƙi rubutu. Sai da na koma ciki na aro wani. Na samu minti biyar cur na yin tunani, na ƙarar da su wajen neman biro.

Bayan shekara biyu wata ƙanwata ta bi ta wajen gonar ta ga ana haƙa harsashin gini. Da muka samo taswirar masu awo, fuloti 24 aka yanka. A lissafin da Baffa ya karanta wa dangi, 16 ne. Takwas sun yi ƙafa.

Yadda suka tafi ne ya sa na san cin gado ba sai da ƙarfi ba. Huɗu an sayar wa wani mutum da araha, aka ce kasuwa ce ta faɗi. Ashe ƙanin matar Baffa ne, kuma ba a rufa wata shida ba ya sayar da su da tsada. Biyu an ce an biya bashin da ake bin marigayi. Wannan ƙofar ta fi kowacce sauƙin shiga, domin shari'a ta ce sai an fitar da bashi da wasiyya kafin magada su taɓa komai, mamaci kuma ba zai tashi ya ce ƙarya ne ba. Babu takarda, babu shaida, sai rantsuwar Baffa a zauren gida. Biyun ƙarshe kuwa ya ce kyauta ce yayansa ya yi masa tun yana raye.

A nan ne alƙali ya yi masa tambaya ɗaya: "Ka karɓi wurin ka riƙe shi kafin ya rasu?" A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓe abin a hannunsa. Idan mai kyautar ya mutu ba a yi haka ba, abin ya koma cikin gado. Baffa bai taɓa noma ko kunya ɗaya a gonar ba. Waɗannan biyun suka dawo. Na bashin ma suka dawo, don mai bin bashin ya ƙi zuwa kotu.

Yaya, Allah Ya yafe masa, ya amsa cewa an ba shi wani abu. Ya ce shi a ganinsa daga cikin rabonsa ya ci. Ban san wane rabo ba ne ake ci kafin a raba.

Jan ƙafar da aka yi ta yi ma ta ƙara dagula lissafi. Ana cikin shari'a ɗaya daga cikin ƙannena mata ta rasu, rabonta ya koma ga mijinta da 'ya'yanta da mahaifiyarta, abin da malaman gado ke kira munasaha. Magada suka ƙaru, haƙuri ya ragu.

Fuloti huɗun nan har yanzu ana kai. Mutanen da suka saya daga hannu na biyu ba su san hawa ba ba su san sauka ba, wani ma har ya tare da iyalinsa. Duk zaman da aka yi, lauyan Baffa ba ya wahalar da kansa. Shafin nan kawai yake ɗagawa ya ce masu kula da gado uku ne, kuma ukun sun amince. Na haddace aya ta 10 a wannan surar tun ina yaro, wadda ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu. Ban ci ba, amma da biron da na aro aka buɗe tukunyar.

Autarmu shekararta tara lokacin rasuwar, yanzu ta shiga sha shida. A makon jiya ta ga kwafin takardar a kan teburina, ta ɗauka ta daɗe tana dubawa.

"Yaya, wannan na ƙasan ba hannunka ba ne?"

Na ce mata nawa ne.