Godiya ga waɗanda suka ceto mana hoton Baba Tsoho

Assalamu alaikum. Sai yanzu hankali ya kwanta har na iya rubuta wannan godiya, a madadin Kaka da dukkan zuri'arta.

Ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 ya rusa ɗakuna biyu a gidanmu na unguwar Bagalam a Maraɗi. Ba mu rasa rai ba, alhamdulillahi. Maƙwabtan da suka kwashe mu cikin dare, da masu aiko da tuwo, da wanda ya ba mu aron ɗaki, Allah ya saka muku da Aljanna.

Amma Kaka ba ta tambayi buhun gero ko katifa ba. Tambayarta ɗaya ce: "Ina adakata?" A cikinta ne hoton yake, shi kaɗai ne fuskar kakanmu Baba Tsoho da ta rage a duniya.

Ɗan maƙwabcinmu ne ya tono adakar da hannu daga cikin laka. Ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Hoton ya jiƙe ya manne da gilashi, har na kai hannu zan ɓamɓare, gwaggona ta riƙe ni ta ce a bar shi a inuwa. Da ban ji maganarta ba, da fuskar ta tafi da gilashin. Mai hoton da ya raba su a hankali, ya sa a kwamfuta, ya kuma ƙi karɓar ko dala, shi ya nuna mini hatimin da ke baya: Seydou Keïta, Bamako.

Wallahi ban san ko wane ne ba, sai da wani malamin lakwal ya zaunar da ni. Ashe mutumin shahararren mai ɗaukar hoto ne, ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, ya rasu a Paris a 2001, kuma a 2016 an baje hotunansa a Grand Palais, wani babban zauren baje koli a Paris. Malam, mun gode.

Ita Kaka duk wannan bai dame ta ba. Abin da take tunawa shi ne tana amarya, a shekarun 1950, ta bi mijinta fatauci, lokacin da Nijar da ƙasar da ake kira Mali yanzu suke ƙarƙashin Faransa. Ta ce a tsakar gida aka ɗauke su, da hasken rana, an rataya wani zane mai ado a bayansu. Rediyon da Baba Tsoho ya dafa, wanda muka tashi muna alfahari da shi, ashe na mai hoton ne, aro ya ba su. Ba ta jin Bambaranci, don haka da hannu ya nuna mata ta ɗaga haɓa, ya sa ta baza yatsu a kan gwiwa don lalle da zobe su fito. Sau ɗaya ya ɗauka.

Da muka miƙa mata sabon, ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa, sannan ta ce, "Wannan hular ni na wanke ta ranar."

Mun wanko guda tara, kowane ɗaki ɗaya. 'Yan'uwa na Tasawa da Katsina, naku yana wurina. Kaka ta ce duk wanda ya karɓa ya yi wa mai hular addu'a, ya haɗa da mai hoton.