Jakunan Karpas da rabin albashina

Jiya na miƙa makulli da rigar kamfani, bayan wata shida ina aikin sanin makama a matsayin jagoran masu yawon buɗe ido. Ku da kuke karatun yawon buɗe ido a arewacin Saifurus kun san abin: mota ta tashi daga Famagusta da sassafe, makirufo a hannu, takardar oga a aljihu.

Hanyar Karpas aka ɗora ni a kai, zirin ƙasar nan da ya miƙe cikin teku kamar wutsiyar ƙadangare. Wuri ne mai kyau, ba musu. Rairayin Altinkum, inda kififiyar teku ke zuwa yin ƙwai, har yau in na hango shi daga kan tudu sai na ce tubarkalla.

A sati na uku na tafka ta. Jakuna suka tare hanya kamar kullum, suna cusa kai ta taga neman karas. Na karanto abin da ke takarda: a 1974 sojojin Turkiyya suka zo "aikin wanzar da zaman lafiya", manoma suka tafi suka bar jakunansu. Sai na ƙara nawa gishirin, na ce yanzu jaki ne sarkin gari, ba kaya ba sanda. Aka kwashe da dariya, ban da wata tsohuwa mai baƙaƙen tufafi a kujera ta biyu. Da muka sauka a majami'ar Apostolos Andreas sai ta kama ni a wuyan hannu, jikanta yana fassara. "Ɗana," ta ce, "ba tafiya muka yi ba. A ɗaure muka bar namu, da zaton za mu dawo." Na ce, "Iya, ki yafe mini," na rasa ta ƙari.

Jikan ya kai ƙara. Oga ya tara mu, ya ce bakina ba linzami, ya zaftare rabin albashin watan. Raha tawa ce, na yarda. Amma wa ya rubuta "suka tafi"? Bai taɓa ɗaga wannan maganar ba.

Daga nan na koma karatu. Juyin mulkin da aka yi wa Makariyos, shugaban ƙasar Saifurus, ranar 15 ga Yulin 1974 da ɗaurin gindin sojojin Girka, saukar sojojin Turkiyya kusa da garin Girne ranar 20, farmaki na biyu ranar 14 ga Agusta. Abin da takardarmu ke kira wanzar da zaman lafiya, a kudu, ɓangaren Girkawan tsibirin, mamaya suke ce masa. Turkawan tsibirin ma suna da nasu mamatan tun rikicin 1963. Sai a Afrilun 2003 aka buɗe iyakar da ta raba arewa da kudu, irin su Iya suka sami zuwa ganin gidajensu. Ƙauyen da muke shan shayi, Dipkarpaz ne ga wasu, Rizokarpaso ga wasu, kuma har yanzu akwai ragowar Girkawa a can da motocin Majalisar Ɗinkin Duniya ke kai wa kayan masarufi. Tun daga ranar sunayen biyu nake faɗa, in kawo shekara, in yi shiru.

Sauran darussan ƙanana ne. Duba fuskokin fasinja kafin ka buɗe baki. Ɗauki hoton duk takardar da aka ba ka. Kada ka riƙe karas a hannun da makirufo yake.

Takardar tana aljihun yaron da ya gaje ni, ko wasali ba a canza ba. Rabin albashina kuma yana wurin oga.