Ranar da muka raba gishiri da yashi da garin ƙarfe

Na daɗe da haddace bambancin cakuɗe da haɗaɗɗen sinadari a kemistiri, in ka tambaye ni zan zubo maka ma'anar tsaf, amma gaskiya abin bai zauna min a kai ba sai ranar da ƙanina ya zo da aikin makaranta, wai an ce ya raba gishiri da yashi da garin ƙarfe da aka cakuɗa wuri ɗaya. Na ce masa kawo mu yi tare.

Da maganaɗisu muka fara. Na kai shi kan garin haka nan ba komai a jikinsa, nan take ƙarfen ya manne masa kamar gashi, muka yi ta kankara ya ƙi fita duka. Da za mu sake sai na sa shi cikin leda, in ya kwaso sai mu zare shi daga ledar, garin ya zube kan takarda shi kaɗai. Kuma sai ka zagaya sau uku ko huɗu kana baza yashin don wasu a ƙasa suke ɓuya.

Sai muka zuba ruwa a abin da ya rage. Gishiri yana narkewa, yashi ba ya narkewa, shi kenan dabarar. Amma ruwan da muka zuba da farko ya yi kaɗan, muna ta juyawa fararen ƙwayoyi na nan kwance a ƙasa, ashe ruwa yana da iyakar abin da zai ɗauka, mililita 100 kusan giram 36 na gishiri kawai yake narkarwa in ba a ɗumama shi ba. Muka ƙara ruwa, muka tace da mazurari da takardar tacewa, yashin ya tsaya a sama. Ruwan da ya sauko muka ɗora a wuta, kuma in ya kusa ƙafewa a rage wutar sosai, in ba haka ba gishirin tsalle yake yana fallatsa.

Muna kallon farin gishirin nan a gindin kwano sai yaron ya ce, "Yaya, to shi ma gishirin mu raba shi mana, ba an ce sodiyum ne da kulorin ba?" Wallahi a nan na gane darasin. Duk abin da muka yi tun safe ba mu taɓa asalin komai ba, ƙarfe yana nan ƙarfensa, yashi yana nan yashinsa, zaman tare kawai suke yi. Shi ko gishiri, sodiyum ɗin da ke cikinsa ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, in ya faɗa ruwa har wuta yana iya kamawa, kulorin kuma iska ce mai guba, amma da suka haɗu kowanne ya bar halinsa aka samu sabon abu, shi ne haɗaɗɗen sinadari. Ba matacin da zai raba su, sai an narkar da shi a zafin digiri 801 an bi da wutar lantarki ta ciki. Su biyun kuma tsantsar sinadarai ne, cikin guda 118 da ke teburin jerin sinadarai da masanin kemistiri ɗan Rasha, Mendeleev, ya fara tsarawa a 1869.

Da dare muka gwada cakuɗe iri uku da tocila. A ruwan gishiri ba ka ganin hanyar hasken ko kaɗan, komai ya narke ya zama bai ɗaya. A ruwan sabulu sai ga layin haske ɓaro-ɓaro, ƙwayoyinsa sun isa su watsa haske amma ba su yi nauyin da za su kwanta ba, shi ake kira koloyid. Ruwan laka kuwa kafin safiya ya kwanta, sama garau ƙasa taɓo.

Ɗan ruwan gishirin da ya saura na zuba a faranti na bar shi ya bushe da kansa ba wuta. Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙwayoyi masu kusurwa huɗu ras kamar an yanka su da reza, ƙanina ya tsince manyan ya tafi da su aji.