Na je Jos ɗauko kwalin kaset

Bayan sallar asuba motarmu ta tashi daga tashar Jabi. Mararraba da Keffi cikin gyangyaɗi na wuce su, ban farka sosai ba sai Akwanga. Abin da ya fito da ni daga Abuja kwali ne guda. Tsohon abokin aikina, wanda ya ɗauki hoton hirarrakina na talabijin tsawon shekara 11, shi ya bugo waya ya ce in zo in kwashe kaset-kaset ɗinmu kafin damina ta ƙarasa su.

Da muka kama hawan Kibo kunnuwana suka toshe, tireloli na ta nishi suna jan ciki. Sanyi ya shigo, kowa ya jawo gilashi. Mun wuce duwatsun Riyom, waɗanda sai ka rantse da hannu aka ɗora su, sai ga Bukuru. Nan jikina ya yi sanyi. A garin nan aka haifi Ɗan Maraya Jos a 1946. Na zauna da gwamnoni, na zauna da sarakuna, amma mai kuntigi ban taɓa zama da shi ba. Kullum sai in ce ai na gida ne, mako mai zuwa. Har Allah Ya karɓi abinsa a watan Yunin 2015. Abin nan yana ci mini rai har gobe.

A Unguwar Rogo na tarar da mutumina a ƙofar gida, ya sha rawani saboda hunturu.

"Yaya, ina kwalin?"

"Haba ƙanena, ko gaisawa ba mu gama ba. Sha gwate tukuna."

Sai da na shanye kwanon ya jawo shi daga ƙarƙashin gado. Kaset-kaset ne na bidiyo samfurin Betacam da 'yan samfurin U-matic guda 4, rubutun hannuna a jikin kowanne, tawadar ta koɗe. Wasu fumfuna ta yi musu fari fat. Ya ɗauki ɗaya ya hura ƙurar, ya miƙo mini. Hirarmu ce da wata dattijuwar mawaƙiya da ta ƙi zama kan kujera, ta ce a shimfiɗa tabarma. Dole Yaya ya sauke kyamara ƙasa, ya durƙusa awa guda. Tambayoyin da na rubuto duk amsar fatar baki ta ba su. Sai da ta ɓare goro ta miƙo mini ɓari, na ajiye takardar, sannan ta buɗe baki ta ba da labarin yadda danginta suka juya mata baya ranar da ta fara waƙa. Manyan 'yan siyasa kuwa tun jajibiri suke aiko a kai musu tambayoyi, shi ya sa yanzu ko jimla ɗaya tasu ba na iya kawowa.

A Jos aka fara watsa talabijin mai launi a Najeriya, tsakiyar shekarun 1970, amma yinin ranar muka zaga har Terminus, wajen kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002, ba mu samu na'urar da za ta kunna kaset ɗaya ba.

Washegari a tasha yaron mota ya miƙo hannu zai jefa kwalin a but, kan buhunan dankalin turawa. Na ce a'a. Na biya kuɗin mutum biyu, na ajiye shi kusa da ni har Abuja.